Cinikin Sauka

A Tudun Hatsi nake, dillali ne ni,
shekara talatin da ɗaya tsakanin mai saye da mai sayarwa.
Na san tayin baki, na san na cikin hannun riga.
Na san albarkar gaske,
na san wadda ake faɗa ana satar kallon ƙafar mai tafiya.

Ran Talata bayan La'asar
rediyon Gidado mai shayi, wadda aka ɗaure wa batir da roba,
ta ce wani shugaban ƙasa, can inda ban taɓa takawa ba,
masu bincike sun iso ƙofar ɗakinsa.
Sun ƙirga, sun sake ƙirgawa, lissafi ya ƙi.
Shi kuwa ya turo lauyoyi:
zai sauka, in za a rufe littafin,
a bar masa gidan kan tudu da motoci biyu
da sunan tsohon shugaba, ba tare da wutsiya ba.

Na dire kofi. Na ce, ashe ɗan'uwa ne, ɗan kasuwa.

To amma me ya kasa?
Mu nan in ka kawo buhun wake
sai mun soka ƙarfe mun ga cikinsa,
sai mun ji gonar wa.
Kujerar nan aro ce.
Ka ari jakin maƙwabci, ka cinye kayan da ya ɗauko,
sannan ka tsaya a zaure kana cewa
zan maido da jakin in an manta da kayan?

Gidado ya ce, Baba Manu, ka cika zafi.
In ya ƙi sauka fa?
Soja a titi, 'ya'yan mutane a ƙasa.
Ƙaya in ta shige ƙafa ba a kai ta gaban alƙali,
cire ta ake yi a ci gaba da tafiya.
Gara a rasa mudu da a ƙona rumbu.

Na yi shiru, don maganar ta taɓa ni.
Sau nawa na ce wa mai hatsi
karɓi rabin asara ka kwana gida?
Da wannan bakin na aurar da 'ya'ya huɗu.

Sai Bappayo ɗan dako ya faɗo mini a rai.
Bara waccan, tiya biyu ta gero
aka samu ƙunshe a buhun da yake kwana a kai.
Ya durƙusa nan, daidai inda bencin nan yake,
ya ce ku riƙe amalanken, na bar kasuwar,
ba za ku ƙara ganin ƙeyata ba.
Shi ma tayin sauka ya yi.
Ba wanda ya ce albarka, ba wanda ya ce an sallama.
Wata shida.
Ya fito da tarin da har yau bai sake shi ba,
matarsa ta kwashe yara ta koma Dukku.

Ina wurin ranar.
Ni da baki ne jarina, ban buɗe shi ba.

Magariba ta yi, batir ya fara shaƙewa.
Abu na ƙarshe da muka ji:
ana nan ana tattaunawa, an kusa daidaitawa.
Gidado ya ɗauraye kofuna.
Na ƙirga la'adata sau biyu, na bi ta Jekadafari,
ban tsaya gaisawa da kowa ba.

Ban san wa ya fi gaskiya ba, ni ko mai shayi.
Wataƙila a sallama masa, gari ya kwana lafiya,
ni ma in ce alhamdulillahi.
Abu ɗaya nake roƙo:
in ciniki ya faɗa, a gaya mini nawa,
da mudun wa aka auna,
in je Bolari in samu Bappayo a bakin ƙofarsa
in faɗa masa tiya nawa ta rage
da shi ma an ba shi kujera an zauna da shi.