Tufka da Warwara

Wata goma sha huɗu ina bin hujja guda
kamar mai bin akuya a duwatsun Birni:
ka hango wutsiya, ka zagaya, babu ita.
Jiya da dare saƙo ya zo daga Dakar,
layi biyu, da gaisuwa a ƙarshe:
"Laminu, shafi na tara, mataki na huɗu bai tsaya ba."
Na karanta sau bakwai. Bai sake ba.

Da safe ban je jami'a ba.
Na zauna a tsakar gidan Iya Gaji,
inda jarka goma sha ɗaya ke jere
suna jiran famfo ya tuna da Damagaram.
Ta danne kan Barira tsakanin gwiwoyinta,
kibiya a baki, man shanu a bayan hannu.

Ta ce, "Me ke cikin takardun nan
da ya tsotse ka kamar rake?"

Na ce, Iya, ramuka nake ƙirgawa.
Ba na gara ba, ba na hanyar Tanut ba.
A wurinmu ƙwarya da faifai abu ɗaya ne,
muddin ɗaya zai miƙe ya koma ɗaya ba tsagewa.
Zobe kuwa daban, yana da ƙofa a tsaka,
murɗa shi yadda kika so, ƙofar ba ta barinsa.
Ki zagaya dutsen bayan gida da igiya,
ki riƙe bakin biyu, ki ja:
ba za ta taru a hannunki ba.
Igiya ta san da dutse ko ido bai gan shi ba.
To mu masu yi wa igiya tambaya ne.
Kowace kewaya mu ba ta harafi,
mu jera haruffan, mu kira taronsu rukuni.
Dutse sannan rijiya
ba ɗaya ba ne da rijiya sannan dutse.

Ta ce, "Wannan ai jakin mai ruwa ma ya sani."

Na yi shiru ina kallon yatsunta.
Sili uku. Na hagu ya haye na tsakiya,
na dama ya haye na tsakiya,
abin da nake ɓata alli a kansa
tana yinsa tana zagin tsadar gero.

Barira ta yi ƙara, layi ɗaya ya ɗaure da yawa.
Iya ta tsaki, ta kama jelar kitson,
ta fara warwara daga can ƙasa.
Na ce, me ya hana ki fara daga tushe?
Ta dube ni, duban da ake yi wa wanda ya yi karatu ya wuce gida.
"Wanda ya shiga ƙarshe shi ke fara fita.
Ka taɓa tuɓe taguwa
babbar riga tana wuyanka?"

Shafi na tara.
Can ƙarƙashin tarin alamomi,
inda kunya ba ta zaci za a leƙa ba,
na warware daga tushe.

Bayan takardar kuɗin wuta na samu,
na sake jera su, na ƙarshe a gaba.
Biyu suka cinye juna. Biyu kuma.
Na jira allon ya koma fari, kamar yadda na rantse zai koma.
Harafi ɗaya ya ƙi tafiya.
Na bi ta dama, yana nan. Na bi ta hagu, yana nan,
zaune kamar dutsen da aka gina unguwa a gefensa.

Ashe akwai rami a inda na ce babu.
An ce ramin ƙarya ƙurarre ne;
wannan na zura igiya, ban ji ƙasansa ba.
Ban sani ba ko wani ya riga ni ganinsa.
Ban ma san ko gobe zai kwana ba.

Sai famfo ya yi tari, ya tofa iska, ya kawo.
Iya ta ce, bakinta da kibiya,
"Malamin ramuka, tashi.
Ta uku daga ƙarshe tana yoyo, kar ka cika ta."