Darasin Safiyar Talata

Ƙarfe takwas, ruwan Agusta na dukan kwano,
na hau benen Naraguta da alli biyu a aljihu.
Ɗalibaina biyar ne. Makon jiya shida ne,
ɗayan ya koma ajin Sinanci, wai can kasuwa take ci.
Ban riƙe shi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ni ma ba harshe na je nema ba.
Narkar da ƙarfe aka tura mu koyo muna samari,
muka dawo, murhun bai ga wuta ba,
gara ta cinye gefen takardata a akwati.
Abin da ya rage mini: Rashanci a baki,
da hular gashi wadda Jos kaɗai ke bari in sa
ba a yi mini dariya ba.

Na zana haruffa a allo, na ce ku yi hattara,
waɗannan baƙi ne masu kama da 'yan gida.
Wanda kuka ɗauka P, ra yake cewa,
wanda ya yi tsayuwar H, na ne sunansa.
Kama da wane ba ta wane.

Kachollom tana son likitanci, tana ƙirga kuɗin jirgi
daga kwandunan tumatirin uwarta a Farin Gada.
Tasi'u na gyaran waya, ya zo ne kawai
don ya karanta abin da injinsa ke faɗa masa in ya lalace.
Nanret ba ta faɗi dalili ba.
Yayanta ya tafi aiki can bara, wayarsa ta daina shiga.

Na ce, in sun yarda, da suke cewa.
Tasi'u ya ce, Malam, da wa? Da me?
Ko dā can, zamanin da kake saurayi?
Aji ya fashe. Na bar su, dariya ma nahawu ce.
Suna ɗaya yana sauya wutsiya sau shida,
suka yi ta zamewa a kai kamar gangaren Shere da damina.

Saura minti goma na rubuta mir.
Haruffa uku, na ce, kaya biyu take ɗauka:
duniya, da kuma zaman lafiya.
Shiru ya sauka. Mu a garin nan
mun san hanyar da ake kaucewa in la'asar ta yi,
mun san unguwar da kowa ya taso ya bari.

Nanret ta ɗaga hannu, ba ta kalle ni ba.
Malam, yaya ake gane wadda ake nufi?

Shekara talatin ina amsa tambaya.
Na duba allina, ya ƙare.
Na ce, sai an ji sauran jimlar, 'yata.
Ta rubuta a bayan littafi,
ruwan bai ɗauke ba, ba wanda ya tashi.