Jikar Tafinta

Ƙarfe biyun dare a Aboabo.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
batirina saura kashi goma sha ɗaya,
ruwa na dukan kwanon ɗaki kamar mai bin bashi.

Kakana Malam Gariba tafinta ne a kasuwar goro.
Batone ya yanka kuɗi da bakinsa,
Bakano ya taya da nasa,
shi yana tsakiya, kunne biyu, harshe ɗaya.
In ciniki ya faɗa, a manta da shi.
In ya watse, a ce tafinta ne.

Ni ma tsakiyar na gada,
tsakanin ɗan Adam da ƙarfe.
Mutum ya rubuto nufinsa,
na'ura kuwa ba ta jin komai sai sifiri da ɗaya.
Ba ni ke kai saƙo ƙurya ba,
aikina a bakin ƙofa yake:
in kwance huhun rubutu, in zazzage,
in ware kalma daga kalma,
marsa gefe, minu gefe,
in ɗora su reshe kan reshe har su zama bishiya,
in miƙa wa na ciki.
Mai sankara kuma in mayar wa mai shi,
in nuna masa layin da tsutsa ta shiga.

Shekara shida, ko sidi ɗaya ban gani ba.
Tukunyar a buɗe take, kowa ya leƙa, kowa ya ɗiba,
mai gishiri ya ƙara.
Masu ɗiba sun haura dubu.
Masu wanke ta mu uku ne:
ni, da Ofosu na Bantama da matarsa ta haihu watan jiya,
da wani mutumin Lima
da ban taɓa jin muryarsa ba.

Yau saƙon daga Damagaram ya zo.
Barira, shekararta sha biyar:
"Na raɗa wa lissafina suna ƙidaya,
sai ya ce baƙon harafi a layi na bakwai.
Na rubuta 'ya'ya,
ya ce na buɗe zance ban rufe ba.
Ko ni ce ban iya ba?"

Na bi sawu har gindin laifin.
Ga shi nan, da sunana a kai, da kwanan wata.
Ni na lissafa haruffa ashirin da shida
na ja ƙyaure na sa sakata.
Ni, wadda uwata ta yaye da ƙosai da koko,
na bar ƙ a waje cikin ruwa,
ita da ɓ da ɗ,
da lanƙwasassun kawunansu kamar masu jiran a yi musu iso.

Da Malam Gariba na raye
ba zai yi faɗa ba.
Goro zai ɓara, ya daɗe yana tauna,
wannan ya fi zafi.

Layi goma sha ɗaya na sauya.
Na saki gwaji dubu uku da ɗari huɗu,
tara suka faɗi.
Na ɗinke takwas.
Na taran shi ne ɗigon nan mai wutsiya na gaban 'ya'ya,
wanda na'ura ta rantse bakin zance ne.
Shi kam ya fi ƙarfin daren yau.
Na rubuta wa Ofosu: in jariri ya bar ka, leƙo.

Saura kashi biyu wuta ta dawo,
unguwa ta ɗauki ihu har Asawase.
Can ƙasa Memuna ta fara hura gawayin waken safe,
yaron motar Kejetiya na gyara murya.

Na amsa wa Barira:
ba ke ba ce.
Sake gwada ƙidayarki, za ta shige.
'Ya'yan kuma ki ba ni zuwa Laraba.

Ƙarƙashin saƙonta, arba'in da bakwai na jira.