Wutsiyar Kalma

Shekara goma sha tara ina tura keke
tsakanin Safa da Marwa,
bakwai, bakwai, bakwai,
har tafin hannuna ya haddace robar mariƙi.
Larabci a lungun Shara Mansur na tsince shi,
Hausa kuwa kakata ce ta ɗura mini da kunu.
Turanci a kan keke ya same ni,
zaune, da kumburin ƙafa, yana ba da umarni.

"Fasta!" in ji wani alhaji mai agogo biyu,
ɗaya na Makka, ɗaya na garinsu.
Na zaci taliyar Turawa yake marmari,
na ce masa da hannu: bari mu sauke tukuna.
Ya bugi hannun keke. "Fasta, fasta!"
Ƙafata ta riga kunnena ganewa.

Da dare, Rumasa'u, autata,
ta ture kwanon shinkafa, ta buɗe littafi.
Ta ce, "Baba, kalmar nan wutsiya gare ta.
Fas, sauri ke nan, tsirara.
Ɗaura mata wutsiya, ta koma fin sauri.
Amma masu dogon jiki ba sa ɗaukar wutsiya,
ɗan jagora ake sa musu a gaba:
mo kwikli, mo siloli."

Na ce, "Fin wa?
Mu a bakinmu ba a fi sai da wanda aka fi.
Doki ya fi jaki, kai ka fi ni,
dole mutum biyu su tsaya a fili."
Ta ce, "Su ma suna da wurinsa a jimla,
mai gaggawa ne ke haɗiye shi."

Tun ranar, in an ce mini fasta,
sai in waiga in nemi wanda aka haɗiye.
Wani lokaci Bature ne, abokin aikina,
baƙi wuluk, sunan ne kawai,
yana gabana da taku uku.
Wani lokaci motar Jidda ce mai shirin tashi.
Galibi dai ni ne,
ni na ɗazu, wanda bai kai ba.

Sai wani dare a goman ƙarshe na azumi
aka ɗora mini wata tsohuwa,
nauyinta bai kai buhun auduga ba.
Muka shigo ƙarƙashin koren fitila
inda maza ke sassarfa,
na ɗaga ƙafa yadda na saba.
Ta kama wuyan hannuna, yatsunta sanyi ƙalau.
"Mo siloli," ta ce. "Mo siloli, ɗana."
Ban san yarenta ba, amma na ji ɗanan.

Sunaye take kira ƙasa-ƙasa,
kowane suna da yatsa guda,
yatsun suka ƙare, ta sake daga fari.
Kekuna suka yi ta wuce mu kamar ruwa ya sami dutse.
Bature ya yi sawu biyu, ni ban gama ɗaya ba.
Na tuna wadda ta fara gudu a wannan kwari
ba tsere ta yi da kowa ba,
ruwa take nema.

Riyal nawa na rasa a daren?
Na ƙirga, na bari.

Jiya Rumasa'u ta zo da aikin gida,
jimloli goma, kowace da gurbi a ciki.
Ta tara ta fassara mini ita:
mahaifina yana tafiya, gurbi, fiye da bara.
Ta dubi gwiwata da na ɗaure da tsumma,
ta ɗaga biro,
ta tsallake zuwa ta goma.

Na ce, "Koma.
Sa mata ɗan jagoran nan a gaba.
Rubuta, kada malama ta rage miki maki."