Daɓen Gareji

Tun da na sayar da Fijo
garejina na Hayin Dogo ya koma ɗakin kaji.
Tsaki ɗari biyu na zuba bara,
sanyin siminti ya kwashe arba'in a dare uku.
Da asuba nake tsince su, ƙafafu a miƙe,
ina jerawa a murfin bokiti.

Bana na ce ƙasan nan sai ta yi ɗumi.

Tanimu mai wayarin ya zo da tef a aljihu,
ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa daɓen da ɗan yatsa.
"Waya za mu shimfiɗa, siririya kamar taliya,
mu bi ta da siminti, ka danna maɓalli, shi ke nan.
Kwana biyu na gama."
Na ce, wutar fa?
Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitilar
da rabonsa da haske tun Talata.
Muka yi dariya. Tasa ta riga tawa ƙarewa.

Barau mai famfo ba ya dariya.
Shi bututu yake so, a nannaɗe kamar hanjin rago,
tukunya a bayan gida,
ruwa ya tafasa, ya zaga, ya dawo.
"Gawayi, totuwa, buntun shinkafa daga injin Basawa,
duk abin da wuta ke ci ya wadatar."
Ya rubuta kuɗin a bayan kwalin ashana.
Na karanta sau biyu, na nemi kujera.

Uwani na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Waya arha ce yau, gobe mita ta cinye ka.
Bututu kuma, wa zai tashi ƙarfe biyun dare iza wuta?
Ni dai ba ni ba."

Abin da ban faɗa wa kowa ba:
ni da marigayi Yaya Sambo muka zuba daɓen nan
shekarar da Zinatu ta fara tafiya.
Sawunta na can kusurwa, yatsu biyar, dunduniya rabi.
Yanzu tana Legas da 'ya'ya uku.
Waya za ta binne shi,
bututu ya farfasa shi.

Bayan isha'i na zauna a ƙasa,
tafin hannuna kan simintin
har sanyi ya hau mini gwiwar hannu.

Da safe na kira Barau.
Na ce kawo gudumarka, ni zan riƙa iza wutar,
dama barci ya daɗe da rage zuwa.
Amma taku biyu daga bangon gabas
kada ka taɓa.
Kusurwar nan a bar ta da sanyinta.