Ƙafar Gidado

Sha ɗaya ta wuce a Bajoga,
an ɗauke wuta, fanka ta yi tsaye.
Gidado ya miƙe, da farin siminti a bayan kunne,
ko loma biyar bai kai ba.

Ina ƙirga numfashinsa.
A na bakwai ya fara nutso,
a na goma ƙafa ta harba,
fat!
kamar jakin da ƙuda ya ciza.
Kofin ruwa ya kife a tabarma.

"Lafiya?"
"Ƙalau. Na zame ne daga kan tirela."
Ya juya ya ja minshari,
ni ya bari da ido biyu.

Goggo Daso ta ce kurwa ce,
ta fita shan iska, ta jiyo haushin kare,
ta dawo a guje ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa.
A tofa masa addu'a,
a daina kwana da ƙishi.

Ranar awo na tambayi Sista Rifkatu.
Ta sauke tabarau, ta yi dariya:
"Ni ma ina yi.
Jiki ne ke sakin guga da wuri,
ƙwaƙwalwa tana bakin rijiya tana gyangyaɗi,
ta zaci faɗuwa ce, sai ta fizgi igiya.
Gajiya na kawo shi,
da shayi mai kauri, da goro bayan isha'i,
da tunanin da aka hau gado da shi.
In kin ga kumfa ko cizon harshe,
ko ya ƙi tsayawa,
wannan kam ku zo, kar ku jira."

Na dawo ina lissafi a hanya.
Buhu nawa ya hau wannan kafaɗa yau?
Kofi uku a teburin Hammayo, na sani,
goron kuma kullum yana kunci.
Kuɗin haya saura kwana tara.
Shayi zan iya hanawa.
Sauran fa?

Daren jiya na matsar da kofin nesa,
na ɗora tafina a kan ƙaurinsa
kamar mai lallashin akuya a daren ruwa.
Ya harba.
Ban ko janye hannu ba
na cikina ya amsa masa, sau biyu, ƙarƙashin haƙarƙari.

Na yi dariya ni kaɗai a duhu.
Uba na faɗowa daga tirela,
kai kuma, ɗan nan, daga ina?