Silinda Takwas

A bayan Ƙofar Ruwa, inda ƙasa ta sha baƙin mai
har ciyawa ta yi fushi da ita,
akwai wata Shabirole zaune a kan bulo huɗu
tun ban san sifana ba.

Maigidana Ilu ya ce
da can in ta taso daga Fagge
ana jin gurnaninta a Kwari.
Silinda takwas, yaro!
Kujerar baya tana ɗaukar fatake huɗu
da babbar rigar kowa.
Ba shan mai take ba, wanka take da shi.
Lokacin galan bai kai kuɗin tsire ba,
wa zai tsaya lissafi?

Sai rediyo ta ce can ƙasar da aka ƙera ta
hukuma ta kafa doka:
kowane galan sai ya kai mota nisa kaza.
Maƙeran suka tsaya gardama,
ƙananan Japan suka shigo ta ƙasan ƙofa
kamar kiyashi a buhun sukari.
Ilu ya ce dokar ce ta kashe su.
Washegari ya ce a'a, girman kai ne.
Ya danganta da ko ya karya kumallo.

Ni dai ga abin da na gani:
mai motar ya kawo gyaran kafireto,
bai dawo ba.
Ɗansa ya zo sau ɗaya a adaidaita sahu,
ya leƙa, ya tambayi nawa kilon ƙarfe.

Yanzu kazar Laure mai abinci
ke ƙwai a ƙasan sitiyari,
mu kuma muna kwance ƙarƙashin Toyota,
inji a matse, komai da awo
kamar tuwon gidan marowaci.

Jiya na sayo lita ɗaya a gora wurin ɗan bumburutu
don wanke fulogi.
Ilu ya karɓe, bai ce uffan ba,
ya ɗiga mata a maƙogwaro,
ya ari batirin motar mutane.
Ta yi tari. Ta ƙara tari.
Ta kama!
Numfashi uku, haƙorana suka kaɗa,
kazar ta yi sama da kuka,
mai walda ya ɗaga gilashinsa.

Sai shiru.

Ilu ya goge hannu a wando,
ya daɗe yana kallon hayaƙin.
Ya ce, kuɗin man,
a cire a nawa.